Ciwon dajin bakin mahaifa: yadda matan baƙi na Amurka sunka taimaki juna

(Jawabin da ɗiyarmu, ungozomar likita, ta yi gaban taron ƙungiya a Yamai. Dattawa sun ce a buga shi, a aika gida da wurin 'yan biɗa, a karanta ma waɗanda ba su samu zuwa ba.)



Shugaban ƙungiya, malam liman, iyayena maza da iyayena mata, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku da zama. Waɗanda sunka taso tun daga gida saboda wanga taro, sannunku da hanya, Allah ya huce gajiya.

Kafin in fara ina neman gafara. Maganar da na zo da ita ta cikin ɗaki ce, irin wadda ɗiya ba ta yi gaban ubanta. Ku kunka sa ni lakwal, ku kunka yi mini tarbiyya, ban manta kunya ba. Amma aikin matarnite ya nuna mini mata da yawa da shiru ya kai su kushewa, shi ya sa na roƙi shugaba ya ba ni fili.

Bara anka kawo mana wata baiwar Allah, uwar ɗiya takwas. Shekara biyu tana ganin jini bayan haila ta ɗauke mata. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ba ta gaya ma kowa ba sai kishiyarta. Maigidanta yana Abijan, ta ce ba ta zuwa likita sai ya komo ya ba ta izini. Da ya komo anka kawo ta, munka duba, ciwo ya riga ya bazu. Ta kama hannuna ta ce: "Ɗiyata, da na zo da wuri fa?" Ban iya yi mata ƙarya ba. Da ta zo shekara biyar ko goma kafin nan, tana jin kanta lafiya lau, da aikin 'yan mintoci ya wadatar.

To, mene ne wanga ciwo? Bakin mahaifa shi ne ƙofar da ke buɗewa ranar haihuwa. Ciwon daji, wanda wasu ke ce ma sankara ko kansa, yana kama wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta cewa a shekarar 2022 mata wajen 660,000 sunka kamu da shi, wajen 350,000 sunka rasu, kuma fiye da tara cikin goma na mamatan daga ƙasashe marasa ƙarfi suke. A Nijar, in an ɗebe na nono, shi ne ciwon dajin da ya fi kama mata.

Sanadinsa wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV. Wani likitan Jamus, Harald zur Hausen, shi da mutanensa sunka gano iri biyu mafi muni cikinta a 1983 da 1984, har anka ba shi kyautar Nobel a 2008. Waɗannan iri biyu, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke haddasa wajen bakwai cikin goma na ciwon. Ƙwayar tana wucewa tsakanin namiji da macce wurin kwanciyar aure. Iyayena, a nan ku saurare ni da kyau: kusan duk wanda ya yi aure, namiji ko macce, sai ta taɓa shi wani lokaci cikin rayuwarsa. Namiji yakan ɗauke ta bai sani ba, ba ya jin komi. Ga mafi yawan mutane jiki da kansa yake kore ta cikin shekara ɗaya ko biyu. Ga wasu mata kaɗan sai ta zauna, tana ɓata fatar bakin mahaifa sannu sannu. Saboda haka in an sami macce da wanga ciwo, ba shaidar lalata ba ce, kada a ɗora mata zargi bisa ciwo.

Daga zaman ƙwayar zuwa ciwon daji yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga mai ɗauke da cutar sida ya fi sauri, shekara 5 zuwa 10. Duk tsawon waɗannan shekaru macce ba ta jin zafi, ba ta ganin komi, tana daka tana noma. Amma mai dubawa yana iya ganin tabon tun yana ƙarami ya kashe shi. Allah ya ba mu tazara mai faɗi game da wanga ciwo, mu ne ba mu amfani da ita.

Yanzu zan kai ku nesa, ƙasar Amurka. Na san wani zai ce, ina ruwanmu da ƙasar masu kuɗi? Ku yi mini haƙuri, mutanen da zan ba ku labarinsu 'yan biɗa ne. Ana ce musu Hisfanik ko Latino: mutanen da asalinsu Meksiko ne, ko Gwatamala, Honduras, Salbado, Kuba da sauran ƙasashe masu magana da Sifaniyanci. A ƙidayar 2020 sun kai miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin biyar na Amurka. Wasunsu nan anka haifi kakanninsu, wasu kuwa sababbin zuwa ne. Da yawa cikin sababbin zuwan su ke tsinkar 'ya'yan itace a gonaki, su ke sharar gidaje, su ke gini, suna aika kuɗi gida ƙarshen wata. Duk wanda ya taɓa zama baƙo a Abijan ko Ikko ko Libiya ya san irin wagga rayuwa.

A Amurka an daɗe da sanin awon bakin mahaifa. Wani likita ɗan asalin Girka, George Papanicolaou, ya fito da shi, ya buga littafinsa a 1943: a shafo ɗan ruwa daga bakin mahaifa a duba da madubin likita. Tun da awon ya yaɗu, mutuwar mata da wanga ciwo ta ragu da fiye da rabi a ƙasar. Duk da haka mata wajen 13,000 ke kamuwa kowace shekara, wajen 4,000 suna mutuwa. Kuma matan Hisfanik sun fi fararen matan Amurka kamuwa, da wajen kashi ɗaya bisa uku. Tun 1990 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta kafa awo kyauta ga matan da ba su da hali. Likita na nan, awo na nan, amma matan ba su zuwa.

Da anka zauna anka tambaye su dalili, ga abin da sunka faɗa. Ba su da takardar inshorar da ake biyan likita da ita. Ba su jin Ingilishi, likita ba ya jin harshensu. In sun bar aiki yini ɗaya ba a biyansu, ba kuma mai tsaron yara. Wasu ba su da takardun zama, suna tsoron duk wani ofis. Sannan ga kunya: yaya za ni kwanta wani namiji ya duba ni? Ga maigida da ba ya so. Ga masu cewa in Allah ya ƙaddara ba makawa, gara kada in sani. Iyayena mata, na ga kuna duban juna. Ni ma ranar da na fara jin wanga lissafi sai na ce, ai waɗannan matan garinmu ne.

Abin da ya fi yi musu amfani shi ne wata macce da suke kira furomotora, wato mai yaɗa lafiya. Ba likita ba ce. Matar unguwa ce wadda kowa ya sani, ana gamuwa da ita kasuwa da wurin ibada da wurin biki. A ba ta horo na ɗan lokaci, ta shiga gida gida, ta zauna kusa da murhu, ta yi bayani da harshen gida. Ita ta san likitar da ake awo kyauta, ta san ranar da macce ke dubawa, takan kama ma mutum rana, wani lokaci ta raka ta. In sakamako ya fito ta komo ta tambaya.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, tare da malaman jami'a da su matan unguwa, sun shirya wani tsari mai suna AMIGAS, ma'anar kalmar ƙawaye. Kayan aikin ba su da yawa: allon hotuna da ake buɗewa shafi shafi, ɗan gajeren fim, zanen jikin macce, da wata takardar alkawari inda macce ke rubuta matakin da za ta ɗauka. Anka gwada shi ga mata 613 'yan asalin Meksiko a wuri uku: El Faso da ke bakin iyaka, birnin Hiyustan, da kwarin Yakima inda ake noman tufa. Sakamakon ya fito a 2013. Bayan wata shida, cikin waɗanda furomotora ta kai ma cikakken tsarin, fiye da rabi sun ce sun je awo. Cikin waɗanda ba a kai ma ba, ɗaya cikin huɗu kaɗai. Ba sabon asibiti anka gina ba, ba sabon magani anka kawo ba. Maƙwabciya ce ta shigo ta yi sallama ta zauna.

A birnin Los Anjalas malaman wata jami'a sunka yi dabara biyu da sunka burge ni. Ta farko ɗan wasan kwaikwayo ne na mintoci kaɗan. Mata sun taru a madafa suna haɗa tamale, abincinsu na garin masara da ake naɗewa cikin ɓawon masara a turara. Waɗanda sunka zauna Gana su tuna dokunu. Bikin cikar wata yarinya shekara 15 ake shiri. Cikin hira babbar ɗiyar gidan ta ce an yi mata awo an ga wani abu, an kuma yi maganinsa. Wata dattijuwa da ba ta taɓa zuwa ba ta yi ta kawo hujja, 'yan matan suna ba ta amsa, ana dariya. Anka yi wani fim na biyu mai bayani iri ɗaya, amma likitoci ke magana da alƙaluma. Da anka gwada, wasan madafa ya fi tura matan Meksiko zuwa awo. Mu da ke da wasan kwaikwayo a rediyo da dandalin samariya tun da, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu.

Dabara ta biyu itace ce. A unguwannin birnin akwai wani icce, jakaranda, mai fure shuɗi-shuɗi da ke fitowa sau ɗaya a shekara ya rufe tituna. Sai sunka manna hotonsa a bango da tashar mota da rubutu cewa lokaci ya yi. Nufinsu duk maccen da ta ga furen ya fito ta tambayi kanta: yaushe rabona da awo? Icce ya zama mai tuni, ba a biyansa ko dala.

Akwai darasi kuma daga kudancin jihar Teksas, kwarin kogin Riyo Garande, inda kusan kowa Hisfanik ne. Can akwai unguwannin talakawa da ake kira koloniya, wasu ba famfo ba kwalta, kuma ciwon ya fi yawa can bisa sauran jihar. Sun ga cewa kai macce awo rabin aiki ne. In an ga tabo sai an sami mai duba shi da kyau ya cire, masu wannan ƙwarewa kuwa sun yi kaɗan, babban asibitin ciwon daji yana Hiyustan, fiye da kilomita 500. Mata da yawa sai su karɓi takarda su ajiye ƙarƙashin katifa. Daga 2014 likitocin asibitin MD Anderson sunka fara koyar da ma'aikatan ƙananan likitocin kwarin, ta allon intanet da kuma zuwa da kansu, don a yi aikin kusa da gida. Ku auna da namu: Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, Damagaram ta fi haka nisa.

Na ƙarshe shi ne maganin kunya. Yanzu akwai awon da ke neman ƙwayar HPV kanta, kuma macce na iya shafo ruwan da hannunta da ɗan tsinke mai auduga, ba wanda ya gan ta. Amurka ta yarda da haka cikin ɗakin likita a 2024, a gida kuma a 2025. A Hiyustan an gwada ga mata sama da 2,400 da sunka daɗe ba su yi awo ba, mafi yawansu Hisfanik. Waɗanda anka kira ta tarho kawai, 17 cikin 100 sunka yi. Waɗanda anka aika ma kayan awo gida, 41. Waɗanda anka aika ma kayan kuma wani ya bi su da kira yana taimaka musu, 47. Kun gani, ko da sabuwar dabara, sai da mutum mai bibiya abin ya fi kyau.

To, mu komo gida. Dattawan da ke nan sun tuna tun shekarun 1960, a jihar Maraɗi, anka fara horar da masu akwatin magani na ƙauye da ungozomomi. Gari ke zaɓen mutumensa, a koya masa, ya komo ya yi ma danginsa aiki. Abin da matan Meksiko ke yi a Amurka ɗan'uwan wannan ne. Mun san hanyar, sai dai ba mu taɓa bi da ita kan wanga ciwo ba.

Kuma kayan aiki ba su gagare mu ba. Akwai awon da ya dace da ƙasashe irin namu: ungozomar likita ta shafa ruwan binegar a bakin mahaifa, bayan minti ɗaya wurin da ya ɓaci ya yi fari. In tabon ƙarami ne a kashe shi da sanyi ko da zafi, ba fiɗa, ba kwana, macce ta koma gida da ƙafarta, kuma ba ya hana haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara awo daga shekara 30, mai cutar sida daga 25. In na binegar ne a sake bayan shekara uku, in na HPV ne bayan biyar zuwa goma. A 2007 gwamnatin Nijar ta yi dokar ɗauke ma mata kuɗin maganin ciwon daji irin nasu, a 2021 kuma anka buɗe wurin gashin ciwon daji da haske a cibiyar ƙasa da ke nan Yamai. Amma wanda ya kai ga gashi ya riga ya sha wuya, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga gona an bari.

Akwai kuma allurar rigakafi, wadda ta fito tun 2006. 'Yan mata ake yi ma ita, masu shekara 9 zuwa 14, kafin aure, don ta riga ƙwayar isa. A 2022 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya sunka ce ko allura ɗaya tana kariya. Maƙwabtanmu na Najeriya sun sa ta cikin rigakafin yara a watan Oktoba na 2023. Na san jita-jitar da ake yi cewa tana hana haihuwa. An yi ma miliyoyin 'yan mata ita a duniya, sun girma sun yi aure sun haihu. Abin da ke raba macce da mahaifarta shi ne ciwon, in ya kai ga sai an cire ta.

Ga roƙona ga ƙungiya, abu biyar.

Na ɗaya, matan gari su zaɓi mata biyu ko uku masu riƙon asiri, waɗanda ake jin maganarsu. Ni na ɗauki alkawarin zama da su in na zo hutu, in koya musu abin da na sani, in haɗa su da ungozomar likitar da ta fi kusa da mu.

Na biyu, a aika wakili cibiyar lafiyar uwa da yaro ta jiharmu, ya tambayo ranar da ake awo, da abin da ake biya, da ko macce ke dubawa, da inda ake allurar 'yan mata. A zo da amsa a rubuce a buga cikin wagga takarda.

Na uku, asusun ƙungiya. Muna tara kuɗi don kai gawa gida, kuma abu ne mai kyau. Ina roƙon a ware wani kashi don kuɗin motar masu rai. Mata su tafi ƙungiya ƙungiya ranar kasuwa, wadda anka ce ta komo a biya mata ta komo, kada takarda ta kwana ƙarƙashin katifa.

Na huɗu, gare ku yayyena 'yan biɗa. Kafin ka ɗauki jakarka, ka bar izini a fili gaban mahaifiyarka da iyalinka: in lalurar likita ta taso, ko ranar awo ta zo, ta tafi ba sai an jira ka ba. Wanda ya riga ya yi nisa, tarho na aljihunsa. Mai mata biyu ko uku ya tura su duka. Malam liman yana nan, ya fi ni sanin cewa neman magani ba ya ɓata tawakkali. Ina roƙonsa ya faɗa ma maza haka da bakinsa, don sun fi jin tasa.

Na biyar, mu ma muna da iccenmu. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, hanya ta bushe, aikin gona ya yi sauƙi. Mu sa shi ya zama alamarmu. In gawo ya yi ganye, matan da anka zaɓa su zagaya gida gida su tambaya: wa ya kai shekara 30 ba ta yi awo ba, wa lokacin sakewarta ya yi?

Iyayena mata, kalma ɗaya ta rage, taku ce. Jini bayan kwanciya da maigida, jini tsakanin haila da haila, jini bayan haila ta ɗauke, ruwa mai wari da ba ya tsayawa, ciwon mara ko na baya da ya ƙi ƙarewa: wadda ta ga ɗaya cikin waɗannan kada ta jira gawo, kada ta jira kowa, ta tafi likita cikin satin. Ba kullum ne yake zama ciwon daji ba, amma dubawa ce kaɗai ke rarrabewa. Wadda ƙawarta ta gaya ma irin wannan a asirce, ta ɗauki mayafinta ta raka ta. Ku kuka ce ciwon 'ya macce na 'ya macce ne.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure ko na wuce gona da iri gaban manya, a yafe mini, ƙuruciya ce. Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kai matafiya gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka.